Ƙofar Gaban Kulob

Teku ya ci rabin gidanmu ranar wata Juma'a da rana tsaka, mako biyu bayan Babbar Salla, ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Ya tafi da yayata Ladi da kakana Baba Audu. Ni na fita da ƙafata, ko ƙwarzane ban yi ba. Abin da ya sa na fita su ba su fita ba, shi zan faɗa.

Garinmu ƙaramin gari ne a bakin teku, a ƙasar Gana. Masunta ne masu gari, mu Hausawa muna zango. Gidan da na tashi a ciki ba don zaman iyali aka gina shi ba. Kulob ne na Turawa. Turawan da ke sayen man ja da busasshiyar kwakwa suna lodawa a jirgi su suka gina shi, don su sami wurin zama su kaɗai, su sha abin shansu, su yi karta. Maza zalla, ko matansu ba sa shiga sai ranar biki. Baƙin mutum kuwa sai in aiki ya kawo shi. Baba Audu ya zo daga arewa yana saurayi, ya kama aikin boyi a can, har ya zama shi ne babba a kan masu kai abinci.

Ƙofa biyu gare shi. Ta gaba tana kallon titi, katako mai kauri, da matakala bakwai. Ta baya 'yar siririya ce a jikin kicin, tana kallon teku. Turawa ta gaba, ma'aikata ta baya. Da Turawa za su tafi, na ƙarshensu ya damƙa wa Baba Audu makullin ƙofar gaba, ya ce ya riƙe har su dawo. Manyan ma'aikatan gwamnati suka gaje wurin, suka yi 'yan shekaru suka watse. Aka mai da shi kotu. Alƙali ya bi ta gaba, masu laifi ta baya. Duk wannan zamani Baba Audu ne ke buɗe ƙofar da safe, ya kulle da yamma, sannan ya zagaya ya shiga ta kicin. Da kotu ta tashi aka mai da wurin sito na gishiri, buhu har rufi, kuma ta baya ake shiga da shi. Daga nan ba wanda ya ƙara neman wurin. Baba Audu ya rataya makullin a wuya da igiyar fata, kusa da layarsa.

Shekarar da teku ya cinye layin ƙasa na zango, sai Baba Audu ya kwaso mutane ya zuba a ciki. Gida shida muka zama. Aka raba ɗakuna da zana da tsofaffin buhuna. Sharaɗi ɗaya ya kafa: "Ƙofar gaba ba tamu ba ce." Ba wanda ya ja da shi. Amarya ta kicin ake shigo da ita. Gawa ta kicin ake fitar da ita, sai an karkata makara saboda ƙuncin ƙofar. Mu da aka haifa a gidan ba ma ko ganin ta gaba a matsayin ƙofa. Bango ce mai fenti daban.

Ubana direban babbar mota ne, ba ya zama. Inna koko take sayarwa. Ladi ke jiƙa gero ta kai niƙa, ni nake ɗebo ruwa a famfon bakin kasuwa, in tara ɓawon kwakwa na hura wuta. Ban yi boko ba. In na gama aikina sai in tafi bakin ruwa in kama igiyar koma, wato ragar kamun kifi, tare da masunta, mu yi ta ja suna waƙarsu, a sallame ni da ƙananan kifi cikin gwangwani. Wani lokaci mu tona ramin ƙaguwa. Baba Audu yakan ce da can daga ƙofar kicin zuwa ruwa akwai filin ƙwallon Turawa da layi uku na bishiyar kwakwa. A zamanina bishiya huɗu suka rage, da wata guntuwar katanga. In ruwa ya cika, kumfarsa na taɓa gindin katangar.

Gidan bai taɓa zama namu ba, ko da muna kwana a ciki. A babban zaure akwai allo na katako da sunayen Turawa da ruwan zinare, ba mai iya karantawa, ba mai taɓawa. Akwai dogon madubi bayan kantar da ake zuba giya, gishiri ya cinye shi, in ka tsaya gabansa sai ka ga jikinka ba kai. Akwai teburin sinuka, wasan Turawa na buga ƙwallo da sanda, ƙyallensa ya ruɓe, sai dutsen ƙarƙashi ya rage, baƙi, mai sanyi ko da rana ta take. Mutum takwas ba sa ɗaga shi. A kansa ake wanke gawa, tamu da ta sauran zango. Mu yara ba ma jingina da shi.

Sai ƙararrawa. A bangon kicin akwai ƙananan ƙararrawa guda shida a jere, kowacce da wayarta da ta bi ta cikin rufi zuwa ɗaki guda. Da can Bature ke jan igiya, boyi ya duba wacce ta kaɗa ya ruga. An daɗe da yanke igiyoyin. Amma in iskar teku ta shiga rufi da la'asar, sai ɗaya ta yi ƙara ita kaɗai. Mata su yi shiru da dakansu. Baba Audu kuwa, da ƙafarsa mai ciwo, sai ya miƙe ya gyara wuyan rigarsa, ya tafi ɗakin. Ya ƙwanƙwasa, ya tsaya, ya dawo ya zauna.

Na taɓa tsokanarsa. Na ce, "Baba, me Baturen ya ce? Shayi ko ruwan sanyi?"

Ya ce, "Ja'iri. Ranar da masu gida suka dawo, kai zan fara nuna musu."

Bai yi dariya ba. Sau ɗaya ya taɓa dukana a duniya, ranar da ya same ni zaune a kan matakalar gaba ina cin rake. Da bulalar kwakwa ya zane ni, Inna tana tsaye ba ta hana shi ba.

Wasanmu ɓuya ne, don gidan ya dace da shi. Ladi ta girme ni da shekara biyu, kuma duk inda na shiga sai ta zaƙulo ni. Ta san kowane lungu. Wata rana da azahar, wajen wata biyar kafin abin ya faru, na rasa wurin ɓuya, na shige bayan wasu tsofaffin tabarmi da aka jingina a ƙofar gaba. Na danna bayana da ƙarfi don kada ƙafata ta fito. Sai na ji abin da ke bayana ya matsa. Ƙofar ta buɗe kamar faɗin tafin hannu. Gishirin da aka tara shekaru ya cinye ƙarfen kubar, ya zama gari. Makullin da ke wuyan Baba Audu ba abin da yake kullewa.

Na zura jiki na fita. Na tsaya a saman matakala, na ga titi ya miƙe har kasuwa, na ga hasumiyar masallacin zango, na ga mutane ƙanana a ƙasa. Ban taɓa ganin garinmu daga nan ba. Na ja ƙofar na rufe, na zagaya ta bayan katanga, na shigo ta kicin. Ladi tana can tana ɗaga zana tana nemana.

Ta ce, "Sule, ta ina ka bi? Kai aljani ne?"

Na ce, "Ke dai kin faɗi, Yaya."

Ban gaya wa kowa ba. Ina tsoron bulala, wannan gaskiya ne. Amma babban dalili shi ne na sami abin da zan riƙa cin Ladi a wasan ɓuya da shi. Wata biyar ina cin ta a wasa. Ta ba ni ƙosai don in faɗa, na ci na ƙi. Ta murɗe mini kunne, na ƙi. Har ta fara cewa ba za ta ƙara wasa da ni ba, wai ƙararrawar nan ni take kira.

Kwana uku kafin ranar, teku ya yi ta kumbura, ruwansa ya koma kalar ƙasa. Masunta suka ja kwale-kwalensu can sama, ba wanda ya fita. Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci, aka bar mata da yara da Baba Audu, shi ƙafa ta hana shi. Ba hadari, ba ruwan sama. Rana fes. Ina zaure ina gyara tarkon ƙaguwa sai na ji wani irin nishi daga ƙarƙashin ƙasa, sannan katangar baya ta faɗi. Ruwa ya shigo ta tagogi, ya bi daɓe, ya kai mini idon sawu. Ƙararrawa shida suka kama kaɗawa gaba ɗaya.

Mata suka fito da yara a hannu suna salati. Duk suka nufi kicin. Ba wadda ta waiwaya. Ƙofar fita a wurinsu ɗaya ce, kuma tana wajen da ruwan yake. Na ga Inna ta shige da ƙanina a goye. Ladi tana bayanta. Na kama hannunta.

Na ce, "Yaya, ta nan! Ta gaba!"

Ta fizge. Ta ce, "Kai mahaukaci ne? A kulle take! Zo mu tafi!"

Na ce tana buɗuwa. Ban sani ba ko ta ji. Ko ta ji ma, wata biyar ina yi mata ƙarya, yau ce za ta yarda da ni? Ta ruga ta bi Inna.

Na ture tabarmin na sa kafaɗa. Ƙofar ta buɗe har bango, hasken rana ya cika zauren da ya daɗe bai gan shi ba. Na juya na ga Baba Audu tsaye a tsakiyar zaure, ruwa a ƙwaurinsa, hannunsa a kan makullin wuyansa. Taku biyar ne tsakaninsa da waje. Na ce, "Baba, fito!" Ya dubi ƙofar, ya dube ni. Ƙararrawa na ta kaɗawa. Ya gyara wuyan rigarsa ya ce, "Ana kira." Ya juya ya nufi ciki.

Ina kan matakala ta uku igiyar ruwa ta biyu ta zo. Kicin da ɗakunan baya suka zauna.

Masunta suka ciro Inna rungume da bishiyar kwakwa, ƙanina na bayanta da rai. Sauran matan ma an ciro su, wasu da karaya. Baba Audu ba a gan shi ba har yau. Ladi kuwa sai rana ta uku teku ya dawo da ita, can wajen bakin kogi. Zauren bai faɗi ba, teburin yana nan. A kansa mata suka wanke ta. Da aka ɗauko makara, babu sauran ƙofar kicin. Ta gaba aka fitar da ita, a miƙe, ba a karkata ba.

Bayan sadakar bakwai Inna ta zaunar da ni. Ta ce, "Sule, yaya aka yi ka san tana buɗuwa?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna. Tura ta kawai na yi."

Ba ta ƙara tambaya ba har ta rasu.

Muka koma zangon tudu. Na yi yaron mota, na yi dako a tashar jiragen ruwa, na bi wani ɗan kasuwa har Kano, daga can hanya ta kawo ni Guangzhou, a ƙasar Sin. Aikina ɗaure kaya. 'Yan kasuwar Kano da na Maraɗi su sayi riguna da takalma a manyan benayen titin Guangyuan, ni in kwaso, in danne, in ɗinke buhu, in kai sito. A benayen nan ma masu saye ta gaba suke shiga, mu masu kura ta baya. Ban damu ba. Amma duk ginin da na shiga, kafin in taɓa kaya, sai na bi ƙofofinsa ɗaya bayan ɗaya na tura da kafaɗa. Wadda aka ɗaure da sarƙa ma sai na jijjiga. Masu shago sun gaji da ni. Wani lawban, wato maigidan sito, da ya hango ni sai ya kama ɗaga hannu yana "Meyo, meyo," wai babu hanya nan. Wani Alhaji ɗan Maraɗi da nake yi wa aiki yakan ce, "Ɗan Gana, me ƙofa ta yi maka ne?" In ce, "Ba komai, Alhaji." Amma in ta buɗe, sai na kira duk wanda ke wurin na nuna masa, ko yana so ko ba ya so.

Bara wani ɗan garinmu ya nuna mini hoto a wayarsa. Kulob babu shi. Teku ya wuce inda titi yake. Ya ce in ruwa ya janye sosai ana ganin wani baƙin dutse shimfiɗe cikin yashi, yara suna hawa suna tsalle. Ba su san ko mene ne ba. Na ce ya bar su.

Yanzu ina unguwar Sanyuanli, a wani ɗaki a hawa na biyu, mu huɗu. Gadona shi ne na bakin ƙofa. Ginin ƙofa uku gare shi, duka suna buɗuwa, kuma kowa a ɗakin ya sani.