Mama Saratu da Askar Wanzami

Duk wanda ya san Mama Saratu ya san ba ta gaida uwa kafin ta gaida cikin ɗanta. Za ta shigo gidan barka, ta wuce mai jego kamar ba ta gan ta ba, ta ɗauki jariri, ta kara kunne a cikinsa tana ɗan bubbugawa da yatsa kamar mai zaɓen kabewa a kasuwar Kafanchan. Sai ta gama sannan ta ɗago ta ce, "To, ina kwana."

Ita a wurinta rabin kukan jariran duniya iska ce. Maganinta kuma bai wuce tafin hannunta da man kaɗanya a tsohon gwangwanin madara ba, wanda take lakata da ƙyar kamar zinariya. Da yaro ya saki tusa sai ta miƙe tsaye ta ce, "Mun gode Ubangiji."

'Yan cocinsu sun ba ni labarin ranar da aka kai wata jaririya a sa mata albarka. Fasto na addu'a, yarinya na tsala ihu. Mama ta taso daga cikin matan zumunta, ta karɓe ta daga hannunsa, ta ɗora a kafaɗa tana shafa mata baya. Can sai gyatsa, a bakin lasifika kuwa.

"Fasto, ci gaba," in ji ta, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Yanzu zai ji abin da kake faɗa."

Haka ta taɓa tsayar da bas a hanyar Kagoro saboda ɗan wata fasinja da ba ta ma sani ba. Direba ya ce yana sauri. Ta ce, "Kai ma an taɓa jiran ka." Mota ba ta tashi ba sai da yaron ya yi gyatsa.

Amma ni abin da na gani da idona ya wuce dariya. Shekarar da gari ya rikice na haifi ɗana na fari. Hanya ba lafiya, ban samu zuwa wanka gidanmu a Zariya ba, na zauna wurin uwar mijina, Hajiya. Gidan Mama yana tsallaken layin dogo, daf da namu, amma a kwanakin nan ba mai tsallakawa. Mutanen da suka yi shekaru suna aron turmin juna sun koma kallon juna daga nesa.

Yaron nan sai kuka. Ciki ya kumbura, yana naɗe ƙafafu, ya kama nono ya saki. Hajiya ta ce a kira wanzami ya yi masa tsaga a ciki a shafa magani. Shi kuwa ɗana ne na fari, ko sunansa ba na iya faɗa, balle in buɗe baki gaban suruka in ce kada a taɓa min ɗa. Na zauna a bakin ƙofa, na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a zanina. Tsoro ya cika ni, ina ta tuna ɗan yayata da aka yi wa haka wurin ya ruɓe.

Wanzami ya iso da hantsi, ya buɗe zabira, ya fara wasa aska. Sai muka ji sallama. Mama ce, ita kaɗai, da gwangwaninta a hannu.

"Saratu, a wannan hali kika tsallako?" in ji Hajiya.

"Hajiya, tun jiya ina jin kukan nan daga gida na. Yaro bai san an yi faɗa ba. Ka ba ni shi."

"An riga an kira wanzami."

"Ya zauna. In na kasa, ya yanka."

Ta zauna a tabarma, ta kara kunne a cikin, ta taɓa goshinsa, ta tambaye ni ko yana amai, ko yana kashi. Ta ce da akwai zazzaɓi ko koren amai, da ita da kanta za ta goya shi zuwa asibiti, don wannan ba nata ba ne. Sannan ta murza tafukanta har suka yi ɗumi, ta lakaci mai, ta shiga zagaya cibiyarsa a hankali. Ta kama ƙafafunsa tana tuƙawa kamar keke, tana yi masa waƙa da yarensu. Ta kifa shi a kan damtsenta, kansa a tafin hannunta, tana shafa baya. Ban taɓa ganin hannu mai kaushi haka ya yi laushi haka ba.

Sai ga tusa nan, doguwa, mai ƙara, har kazar da ke kusa ta zabura. Wata ta biyo. Kuka ya tsaya cak. Yaron ya saki jiki, ta miƙo min shi, ya kama nono bai saki ba.

Wanzami ya dubi askarsa, ya naɗe ta. Ya ce, "Ni dai duk shekaruna ban taɓa jin an gode wa Allah kan tusa ba, amma yau alhamdulillahi."

Hajiya ta yi dariya har da hawaye. Da Mama ta tashi tafiya, sai Hajiya ta yafa mayafi, ta riƙe mata hannu, ta raka ta har tsallaken layin dogo, mutane na leƙe ta kan katanga. Daga ranar mata suka koma tsallakawa.

Yaron nan yanzu shi ma uba ne. Ranar da aka kai Mama makwancinta a Kagoro, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatinta, kuma cikinsa babu tabo ko ɗaya.

Allah, kai ka ga hannun baiwar nan taka a kan 'ya'yanmu. Yadda ta sauƙaƙa wa waɗanda ba su da bakin faɗin inda ke musu ciwo, ka sauƙaƙa mata, ka ba ta hutu. Amin.