Jinin Halliru

Halliru ɗan Gumel ne, siriri, mai saurin dariya. Ni Barira nake sayar wa gwagwaren ɗakinsu tuwo a unguwar International City, don haka na san shi tun zuwansa Dubai a 2017. Aikinsa a wani ɗakin gwaje-gwaje ne a Dubai Investments Park. Ana aiko musu da jinin aladen daji daga ƙasashen Turai a ƴan kwalabe, shi kuma ya duba ko akwai ƙwayar ciwon hanta nau'in E, don kada ta kama masu cin naman. Da safar hannu yake taɓa kwalbar, bai taɓa ganin aladen da idonsa ba.

Wautarsa ɗaya, ya faɗa wa ƴan ɗakinsu gaskiya. Alhaji Nasrullahi, ɗan kasuwa mai aika kaya gida a kwantena kuma babban ɗakin, ya tsame hannunsa daga tire.

"Khalas, shi ke nan, Malam. Daga yau ka ci naka can."

Halliru ba ya neman komai wurinsu face a zauna da shi kamar ɗan gida. Ya yi ta bin su da fara'a, har haushi yake ba ni. Suka sa masa suna Mai Alade, yana amsawa. In ya miƙa hannu, sai a dafe ƙirji a ce sannu.

Shekarar korona Alhaji ya kwanta, gyambon ciki ya fashe, jini ya ƙare. Asibiti suka nemi masu bayarwa. Masu tsarkin nan kowa ya tsiro da uzuri, wannan ya ce lodin kwantena, wancan ya ce mura. Halliru ne ya je ya miƙa hannunsa.

Ranar da aka sallamo Alhaji na kai kunun gyaɗa. Halliru na tsaye bakin ƙofa da sabuwar riga, yana murmushi, yana jiran a ce ya shigo ya zauna cikinsu. Nan wani ya faɗa wa Alhaji wanda ya ba da jinin. Alhaji ya ajiye kofi, ya kira wani malami a Kano, ya buɗe muryar wayar kowa na ji.

"Allah gafarta Malam, mutum ne aka zuba masa jinin mai aikin alade bai sani ba. Sallarsa ta inganta, ko akwai yadda ake wankewa?"

Halliru ya tsaya har malamin ya gama amsawa, sannan ya ja musu ƙofar a hankali.