Fuskar Inna

Hoto ɗaya tak Inna ta bari a duniya, shi ɗin ma rabinsa ba nata ba ne. Wani mai hoto a Birnin Kudu ne ya haɗa shi, zamanin da almakashi da gam ke aikin. Ya yanko kanta daga hoton wani biki, ya ɗora a jikin wata mata, ya manna furannin kalanda a bayanta. In ka shafa sai ka ji mahaɗar a wuya. Ita kanta dariya take yi, wai yaushe ta taɓa mallakar awarwaro haka.

Bayan rasuwarta ɗakin ya yi yoyo, danshi ya ci gefen fuskar a hoton. Ƙanina, sarkin azarɓaɓi, ya ba wa manhajar nan ta waya mai gyara hoto. Ta fito masa da mace fes, ya kai shago aka wanke, aka sa a firam. Tsohon kuwa can ya manta shi, suka haɗa da shara.

Matar kyakkyawa ce, ban musa ba. Amma Inna tana da wushirya, kuma idonta na hagu ya ɗan fi ƙanƙanta. Wannan ba ta da ko ɗaya.

Na hau mota daga Gwaram na nemo mai hoton. Ya tsufa, ya daina sana'ar, amma ina kwatanta masa ya gane.

"Hajiya, ai jikin na ƙanwar matata ne, 'yar Fagam. Sai da na roƙe ta kafin na yanka."

"Baba, fim ɗin da aka wanko hoton bikin daga jikinsa fa? Ko guntu ne, don Allah."

"Gara ta cinye tuntuni."

Na nuna masa sabon a waya, na ce to wannan idon na wace ce? Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ni duk wadda na yanka na san ta. Wannan kam sai ki tambayi injin."

Wallahi na tambayi injin a waya, a bakin tasha, kamar zautacciya. Ya ba ni haƙuri cikin ladabi, ya ce ba shi da masaniya.

Na sa an sauke firam ɗin, amma na makara. Tsoro nake ji. Yanzu in na idar da salla, na ɗaga hannu zan yi wa Inna addu'a, ina ta kokawar kawo ta a raina, sai waccan matar ta zo ta tsaya, wadda ban san ko 'yar wa ce ba.