Tukunyar Asabar

Shekarun baya, wata Laraba da hantsi, ni da abokin aikina muka shiga wani gidan adana kayan tarihin Yahudawan Maroko. Gidan rediyonmu ne ya tura mu Maroko ƙaro ilimi, ranar kuma babu darasi. Ni dai inuwa na bi.

A gidanmu na Jega akwai wata al'ada. Duk Juma'a da la'asar kakata takan haɗa wake da nama da albasa a tukunya, ta jefa ƙwai da ɓawonsa, ta rufe ta bar ta cikin garwashi. Ba a buɗewa sai Asabar da rana. Takan ce mahaifinta majemi ne, kuma a farkon zuwan Turawa ya sauki wani baƙo daga arewa mai sayen jar fata. Mutumin ba ya hura wuta ran Asabar, ba ya ciniki. Shi ya koya wa matan gidan wannan girki.

Babu wanda ya yarda da ita. Matata, 'yar Aliero, takan ce ƙyuyar girkin Asabar ce kawai aka naɗa wa rawani. Ni kuma ɗan jarida, har majiyarta nakan tambaya. A hankali kakata ta daina ba da labarin, ta ce in ta mutu a binne ta da tukunyar.

To, muna zagayawa sai matar da ke yi mana jagora ta tsaya gaban wata tsohuwar tukunya da ke cikin gilashi. Ta ce mutanensu ba sa kunna wuta ran Asabar, don haka tun Juma'a ake ɗora abincin, ya kwana yana dahuwa. Ta lissafa nama da wani irin wake da ƙwai.

Na ce, "Ƙwan da ɓawonsa?"

Ta ce ƙwarai, har cikinsa yakan koma ruwan ƙasa. Abokina ya ce na tsaya gaban gilashin kamar na ga ɗan uwana a ciki.

Da yamma na buga waya gida, aka miƙa wa kakata. Na ce, "Tsohuwa, na ga tukunyarki a Maroko."

Ta ce, "Maigida, sai da ka hau jirgi kaɗ ɗauki maganata? Ni ko Maiyama ban wuce ba."

Har yau ba zan ce tabbas baƙon nan Bayahude ne ba, don ko sunansa ba mu riƙe ba. Amma na gane cewa majiyar da nake nema, duk mako ina cin ta da cokali.

Kakata ta rasu bayan ta koya wa matata girkin. Ita ke ɗora tukunyar yanzu, sai dai ta ninka albasar.