Sifikar Hagu Ta Yi Yaji

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin kasuwa daga Wara zuwa Yelwa ya san Sallau Direba, in bai san fuskarsa ba ya san bakinsa. Ranar Sallah aka haife shi, shi ya sa har ya tsufa yana ganin duk inda aka taru dominsa aka taru. Ubansa masunci ne, amma Sallau tun yana saurayi ya ce shi ba zai iya zaman jiran kifi ya ga dama ba. Ya bi wani mai jirgin inji yana kwashe masa ruwa, daga kwasar ruwa ya koma riƙon inji, bai kuwa saki ba sai da gemunsa ya yi fari fat. Albasa, busasshen kifi, buhunan shinkafa, awaki, amare da kayan ɗakinsu, ba abin da bai tsallakar ba. Zamansa kullum iri ɗaya ne: can ƙarshen jirgi, hannun hagu a kan sandar inji, injin na ruri a gefen kafaɗarsa tun fitowar rana har faɗuwarta.

Abin alfaharinsa a duniya shi ne kunnensa. Yana zaune bakin ruwa yana shan fura, jirgin wani na can tsakiyar tafki, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Wancan fulogi na yay yi datti." A je a duba, a tarar haka ne. Ranakun da bai canka daidai ba kuwa babu mai tunawa, don shi ke ba da labarin.

Matarsa Zuliha 'yar Birnin Yauri ce. Tun tana amarya ta kama wurin zama a hagunsa, don damansa na kwanon tuwo ne da buta. A nan take shimfiɗa tabarmarta tana tsintar shinkafa tana ba shi labarin gari: wa ta haihu, akuyar wa ta shiga gonar wa, wace ce ta je biki da zanen aro. Shi kuma ya tanka, su yi musu, su yi dariya. Wasu matan sun sami miji mai sayen atamfa. Ita mai saurare ta samu, ba ta kuma taɓa sha'awar musaya ba.

Da gwiwoyin Sallau suka fara ba shi umarni, ɗansu na fari, Auwal, ya karɓi jirgin. Don tsohon ya zauna gida, ya daina zuwa tasha yana koya wa mutane aikinsu, Auwal ya sayo masa rediyo irin ta ɗaki, baƙa, mai sifika biyu kowace tsayin turmi, ya kafa masa sola a kan rufi. Ya aje sifika ɗaya dama ɗaya hagu, ya sa kujera a tsakiya tana fuskantarsu, ya ce haka ake ji.

Aka sa kiɗan kalangu. Sallau ya zauna ya karkata kai, irin yadda yake yi wa inji.

"Ta dama tana aiki," in ji shi. "Ta hagu kau, 'yan amshi sun yi yaji."

Auwal ya ce shi dai duka biyun yake ji daidai.

"Kai da ba ka jin inji na neman mai sai ya mace maka tsakiyar ruwa? Tahi abinka, ni na san aikina."

Ya kuwa kama aikinsa, irin wanda ya sani. Ya zare wayoyin baya ya goge bakinsu da fetur da sanfefa kamar fulogi. Ya jijjiga sifikar ya ji ko ta sha ruwa. Ya fitar da ita tsakar gida ya shanya ta a rana kusa da kifin Zuliha, har kyanwa ta zo tana sunsuna ta. Akwai wani ɗan maɓalli da ake murɗawa don raba sauti tsakanin dama da hagu. Ya murɗe shi hagu har ƙarshe, ta yadda maƙwabcin da ke bayan bangon nan ya haddace labaran duniya ba tare da ya sayi batir ba. Sallau ya ce yanzu ta ɗan fara motsi.

Daga ƙarshe ya kira Sunday, mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Wara, mutum mai haƙuri da tsofaffi da tsofaffin kaya. Sunday ya mayar da maɓallin tsakiya, ya canja waya, ya canja waƙa. Sannan ya ɗauki sifikar dama ya kai hagu, ta hagu ya kai dama.

"Baba, yanzu wace ce ba ta yi?"

"Ta hagu dai."

"Ai ita ce ɗazu ka ce tana aiki."

"To ta kamu. Wurin na ad da matsala, bangon ga shina shanye murya."

Sunday ya dubi sifikar, ya dubi Sallau, ya dubi ƙasa. Ba a haifi yaron da zai gaya wa Sallau Direba abin da ke bakin Sunday ba. Ya tattara sukundirebobinsa ya ce, "Baba, kayanka lafiya lau. Abin da ya rage ba irin gyarana ba ne."

Sallau ya bi gari yana cewa yaron kirki ne, amma da sauransa a aiki.

Duk wannan Zuliha na kallo daga tabarmarta, abin dariya ne da a ce ba ta da nata ciwon. An daɗe tana magana Malam na amsawa sama-sama. Da yana tuƙi ta ce gajiya ce. Yanzu ga shi zaune ba aiki ba gajiya, ta ba shi labari mai daɗi, irin wanda da sai ya buga cinya, ya yi shiru ya zuba wa sifika ido. In ya ga bakinta na motsi ya ce, "Mi kic ce?" ta maimaita, ya ce "To," ko da tambaya ta yi. Ta gaya masa rufin madafi na yoyo, ya ce madalla. Mutumin da ke jin dattin fulogi daga tsakiyar tafki ba zai kasa jin matarsa da ke gefensa ba, sai in ya ga dama. Ita dai abin da ta gani ke nan, sunansa kuma raini. Talauci ta zauna da shi, ambaliya ta zauna da ita, amma ba ta ga dalilin da za ta zauna da raini da furfurarta ba.

Wata yamma ta aje masa tuwo a damansa, ta koma hagunsa ta zauna, ta gyara murya.

"Malam, ni na gaji. Gobe Birnin Yauri za ni, wurin ƙanena. Yaji za ni yi."

Kalma ɗaya ce ta tsallaka zuwa wurinsa. Ya kai loma, bai ko waiwayo ba, ya ce, "Yaji? Ki sa kaɗan, na jiya ya yi yawa."

Zuliha ta tashi ta naɗe tabarmarta. Macen da jikokinta ke zuwa makaranta ta ce za ta yi yaji, a ce mata ta sa kaɗan.

Da safe ta ɗaure zannuwanta. Akwatinta na ƙarƙashin teburin rediyo, Sallau kuma ya riga ya kafe a kujerarsa yana jinyar mara lafiyarsa. Ta yi masa alama da hannu ya ba ta wuri. Ya ja kujerar ya juya ta, ya ba rediyon baya yana fuskantar ƙofa, kiɗan na tashi. Ta durƙusa tana jawo akwati sai ta ji ya ce:

"To ga wata sabuwa. Wadda tam mutu ta tashi, mai lahiyar kau ta kwanta."

Ba ta kula shi ba. Ta miƙe da akwatin, ta bi ta damansa za ta fita, tana gunaguni can ƙasan maƙoshi, irin wanda ko kaza ba za ta ji ba. "Tsohon banza, ka zauna da turamenka su yi maka tuwo."

"Wa at tsohon banza?"

Ta tsaya cak. Rabon da ya ji maganarta a karon farko har ta manta. Ta aje akwatin a hankali, ta zagaya ta hagunsa, ta ce da murya sosai, "Kai na, Malam."

Yana nan yana kallon ƙofa yana jiran amsa.

Ta dawo dama ta rage murya. "Jirgin yaron nan ya fi naka gudu." Ba ta kiran sunan Auwal, ɗan fari ne.

"Ƙarya kike, injin nan ni na san shi tun—"

Ta kama bayan kujerar ta juya shi kamar mai juya masa a tanda. Ya fuskanci rediyo.

"Wace ba ta yi?"

"Ta hagu."

Ta sake juya shi. "Yanzu fa?"

Ya nuna ɗayar da babban yatsa ta bayan kafaɗa, sai hannun ya tsaya a sama. Kafaɗar hagu ce. Ya sauke hannun sannu a hankali ya kai shi kunne, ya toshe na dama da yatsa. Kalangu ya koma can nesa, kamar ana biki a tsallaken ruwa.

Zuliha ta zauna a kan akwatinta. Dariya ta zo mata har da hawaye, ta goge ido da bakin gyale.

"Ashe sifikar da taƙ ƙi gyaruwa a kanka take, Malam. Da mun sani da kai muka shanya."

Sallau ya cire yatsan daga kunne. Da ya buɗe baki cewa ya yi, "Injin nan na yac ci shi. Ba kowane inji ka iya cin kunne irin nawa ba." Sai idonsa ya faɗa kan akwati da ƙunshin zannuwa. "Wanga kaya fa? Ina za ki?"

"Jiya na gaya maka, yaji za ni yi."

"Ni kic ce ma?"

"Kai. Kac ce in sa kaɗan."

Ya dube ta, ya dubi kayan, ya sunkuyar da kai yana murza gemu. "To ai shawarar ba ta ɓaci ba," in ji shi a hankali. "Ki sa kaɗan ɗin. Daga nan zuwa ƙofa ya isa."

Ta ɗauki akwatin ta kai shi bakin ƙofa, ta tsaya ta kalli tsakar gida yadda ya kamata mai yaji ta kalla, sannan ta dawo da shi ƙarƙashin tebur.

Tun daga ranar, buta ta koma hagu, tabarmar Zuliha ta koma dama, kwanon tuwo ya sami wuri a gaba. Auwal ya kai uban asibiti a Yelwa, aka leƙa aka ce wanda ya tafi ya tafi, a lallaɓa wanda ya rage. Sallau ya dawo ya tarar da labarai jibge suna jiransa, duk waɗanda ya ce wa "To" bai ji ba, har da rufin madafi, wanda ya gyara yana mita. Maɓallin nan na rabon sauti yana tsakiya, maƙwabci ya koma sayen batir. In baƙo ya yaba rediyon, har yau Sallau kan ce tana da kyau, sai dai ta hagun ba ta kai ta daman ba, Sunday kuma ya gaishe shi da ladabi in sun haɗu.

Zuliha ba ta bar hagun gaba ɗaya ba. In za ta je biki ta kwana biyu, ko ta yanka zakaran da yake ji da shi, ta nan take zagayawa ta nemi izini. Ya ce mata "To."