Ranar Da Na Ce Inna Ba Mahaifiyata Ba Ce

A lokacin ina 'yar shekara goma sha tara, ni kaɗai ce macen da ta gama sakandare a ƙauyenmu da ke bakin kogi, kudu da Sinnar. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarama. Inna ce ta riƙe mu da tsinkar auduga a hawashar mutane, wato gonakin da ake ba ruwa daga madatsa. Burina in yi karatun ungozoma, kuma an ɗauke ni, sai dai an ce in kawo jinsiyya, takardar shaidar zama 'yar ƙasa. Kowa a garinmu ya san yadda ake wahalar da Bahaushe a kan takardar nan. Za a tambaye ka kakan kakanka, a ce ka dawo gobe, har ka gaji ka bari.

Wani maƙwabcinmu Balarabe mai kanti, mutumin kirki, ya ce zai tsaya mini a matsayin ƙanen mahaifina, a rubuta ni a ƙabilarsu. Na amince ban ko shawarci Inna ba. Ranar tafiya ta saka sabon lulluɓinta ta ce sai ta raka ni, don ba ta taɓa ganin inda ake ba mutum takardar ƙasa ba. Muna cikin ofishin, komai na tafiya daidai, sai ta matso ta ce mini da Hausa in gyara mayafina. Ma'aikacin ya ɗago kai ya tambaye ni da Larabci wace ce wannan. Na ji bakina ya ce mai aiki ce a gidanmu. Inna tana jin Larabci sarai. Ta ja da baya ta zauna a benci, ta haɗa hannuwanta a cinya. Aka buga hatimi, aka miƙo mini takarda.

A mota abin da kawai ta tambaye ni shi ne ko na ci abinci. Shekara uku na yi ina karatu a Sinnar, tana aiko mini da busasshiyar kuɓewa da gyaɗa, amma ko sau ɗaya ba ta taka makarantar ba. Da na tambaye ta dalili, ta ce ba ta son ta ɓata mini abin da na gyara. Da ƙanena ya tashi neman tasa takardar, ban iya tsaya masa ba, domin a rubuce ni da shi ba dangi ba ne.

Bayan na fara aiki, na karɓi haihuwar matar wani lauya, muka saba da gidansu. Wata rana na ba shi labarin, na ɓoye cewa ni ce. Ya ce yarinyar nan ba ta da bukatar yin ƙarya, domin dastur, wato tsarin mulkin ƙasa, ya ce duk wanda uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne, kuma ba a bambanta mutane da harshe ko ƙabila. Ya ce da an hana ta, akwai inda za ta kai ƙara. Kakana a nan aka haife shi, a nan aka binne shi. Ashe abin da na sayar da mahaifiyata a kansa nawa ne tun asali, ban sani ba.

A makon nan na koma gida. Na samu Inna tana tuyar kisra, wato waina mai faɗi ta ƙullun dawa, na durƙusa na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe tun muna cikin motar nan. Ta ce kiran ta mai aiki bai dame ta ba, ai aiki take yi tun tana yarinya. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yadda ta ga na tsaya a gaban ma'aikacin nan, kamar wadda ta shigo gidan wani ba sallama. Ba ta sake tayar da maganar ba har Allah Ya karɓi ranta.

Na san an sha sauya tsarin mulki a ƙasar nan, kuma na san rubutu kaɗai ba ya hana zalunci, musamman a shekarun nan na yaƙi. Amma na gane cewa wanda ya san doka ta amince da shi yana iya tsayawa ya faɗi sunan ubansa ba tare da tsoro ba, wanda bai sani ba kuwa shi zai fara zaluntar kansa da nasa kafin kowa ya taɓa shi. Ina roƙon 'yan'uwana, musamman matasa, ku nemi sanin haƙƙinku kafin ku je gaban kowane teburi, ku kuma nace a rubuta shi a kiyaye shi. Ni takardata tana nan, ta ba ni aiki da albashi, amma har yau sunan dangin wani ne a jikinta.