Katangar Bayan Ɗakinsa

Ɗana na fari ban taɓa kiran sunansa ba. Haka muka taso muka tarar a Kusada, haka na yi. Da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Gida ɗaya muke, amma ko tuwo ban taɓa miƙa masa hannu da hannu a gaban mutane ba. Shi ma ba Inna yake ce mini ba, Yaya yake cewa, yadda ya ji ƙannen ubansa suna faɗi. In ina nemansa sai in ce, ku ce wa wancan ya zo. Kowa a gidan ya san wancan.

Ya yi karatun aikin lafiya a Kankia, ya kama aiki a wani ƙaramin asibiti can wajen Bauranya, ya auro yarinya daga Rimaye, ta haifa masa ɗiya. Ubansa ya rasu ana cikin haka. Sai wani abokinsa da ke Ingila ya fara damunsa da waya, wai can ana neman masu kula da tsofaffi, kuma mutum da iyalinsa yake tafiya, shi ma da tasa matar ya tafi. Ranar da ya zo gaya mini ya durƙusa a bakin ƙofa, ina tsintar wake. Na ce tsofaffin can ba su haihu ba ne? Ya ce sun haihu, aiki ne ya yi wa 'ya'yan yawa. Na ce to, Allah ya sa alheri. Na ci gaba da wakena.

Takardun suka daɗe ba su fito ba. Da suka fito, nasa ne kaɗai. Ya ce matar da ɗiyar za su biyo shi bayan kaka. A kwanakin nan na lura yana yawan fita zaure da waya, in ya dawo ba ya haɗa ido da matarsa. Na gani. Uwa ba ta tsare ɗan fari da tambaya, ban tambaya ba. Ya tafi.

Surukata mai rawar jiki ce, ba ta iya jira. Ana gama shigar da gero ta fara bankwana. Turminta ta ba maƙwabciya, tukwanen ta raba, kajin ta aika Rimaye wajen uwarta. Ta bi gida gida a unguwa tana neman yafiya, yadda ake yi in za a yi nisa, ana rungume ta ana kuka, tsofaffi suna sa mata albarka. Sau ɗaya na yi magana. Na ce, ke, ki bari ki ga takarda a hannunki tukuna. Ta ce, “Inna, ai ya ce an kusa.”

Wata la'asar ya kira ta. Ina tsakar gida ina jin “to, to” daga ɗakinta, har na daina ji. Ta fito ta zauna a kan dakali, wayar tana cinyarta.

“Wai an rufe,” in ji ta.

Na ce an rufe me?

“Iyali.”

Sai daga baya na haɗa zancen. Hukumar can ta canja doka tun takardunsa ba su fito ba. Wanda ya shiga da irin aikin nan bayan canjin, ba zai kawo mata ba, ba zai kawo ɗa ba. Abokin nasa ya riga dokar shiga, ita ba ta taɓa shi ba. Har masu zuwa karatu, in ji ta, yawancinsu an hana su. Shi wancan ya ji ƙishin-ƙishin tun yana nan, aka ce masa in ya isa za a san yadda za a yi. Ya isa, ba a san yadda za a yi ba.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ni ma ban ji komai ba, sai na tashi na kwashe shanya.

Daga ranar ta daina fita. Wanda bai san garinmu ba zai ce mene ne a ciki. Mutanen da suka yi maka kuka, suka yafe maka duniya da lahira, da wace fuska za ka gaishe su a bakin rijiya? Su ma ba su san yadda za su yi da ita ba. Maƙwabciyar nan ta turo turmin a dawo da shi, surukata ta ce a mayar, kyauta ba ta dawowa. Turmin ya yini a zaure kowa yana kewaye shi, sai ni na mirgina shi ciki.

Bafulatanar da ke kawo mana nono ce kaɗai ba ta da wannan nauyin. Ta sauke ƙwarya ta leƙa ɗakin ta ce, “A'a, Baturiya, har kin dawo? Ina tsarabata?”

Surukata ta ce, “Jirgin ne ya ƙi tashi.”

“To ni dai na riga na yafe miki, ba ni da wata yafiyar. Duk abin da kika yi mini daga yau a kanki yake.”

Suka yi dariya su biyu. Dariyar da na ji ta yi ke nan a shekarar.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce. Yana kira, yana aike, zuwa ganin gida kuwa kullum sai baɗi. Ɗiyar ta fara magana, in aka ce ina Baba sai ta nuna waya. In ya ce a ba ni, ina kallon gefe in ce lafiya lau, Allah ya yi albarka, in miƙa mata abarta. Amma ina satar kallonsa. Ya rame ta wuya, kuma kullum rigar sanyi ɗaya ce a jikinsa.

Sai aka sake wata dokar. Yanzu ma sun daina ɗaukar sababbi daga waje a wannan aikin. In ya ajiye ya dawo, ba shi da ƙofar komawa. Kuma ana maganar ƙara shekarun da mutum zai yi kafin a ba shi zama na dindindin. A daidai nan uban surukata ya aiko daga Rimaye, cikin mutunci, yana son a gaya masa matsayin ɗiyarsa. Ba a ajiye mace haka, ba ta gidan miji ba ta gidan uba. Gaskiyarsa ce.

Surukata ta same ni ina kaɗin auduga. Ta durƙusa ta ce, “Inna, ke kaɗai zai ji. In kin ce ya dawo, zai dawo.”

Na ce na ji.

Ran Juma'a bayan an sauko ya kira, ya ce a ba Yaya. Ta jingina wayar a jikin kwano a gabana, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Ya gaishe ni, sannan ya ce, “Yaya, kin ji yadda ake ciki. Ki faɗa mini abin da zan yi. Abin da kika ce shi ke nan.”

Na faɗa masa. Na ce, katangar bayan ɗakinka ta tsage, ga damina ta matso.

Duk wanda aka haifa a gidan nan ya san abin da na ce. Uwa ba ta buɗe baki ta ce wa ɗan fari ina son ganinka, balle a gaban matarsa. A da in kakarsa tana son ubansa ya dawo daga cin rani, aike take yi a ce masa akuyarsa ta haihu, ya kama hanya. Katangar ɗakin namiji, shi ke tsayawa a kanta. Ban san wata hanya da ta fi wannan fitowa fili ba.

Ya ce, “Katanga?”

Na ce ita.

Ya ɗan jima yana kallona ta cikin gilashin wayar. Ya ce, “To, Yaya. Za a gyara, in sha Allahu.”

Surukata ta zo ta ɗauki wayar. Ba ta dube ni ba. Ita 'yar Rimaye ce, ban san ko a gidansu haka ake magana ba, ban kuma tambaye ta abin da ta ji ba.

Ba a rufa mako ba sai ga a-kori-kura a ƙofar gida da bulo da siminti, da magina daga Kankia. Babbansu ya yi sallama ya ce maigidan ya kira su daga ƙasar waje, ya ce a rushe katangar ƙasar gaba ɗaya a yi ta bulo, kada ruwa ya sake damun tsohuwa. Ko bai gane ba ne, zama da mutanen da ke faɗin komai ƙiri-ƙiri ya toshe masa kunne, ko ya gane sarai ya ba ni amsa da irin harshena, har yau ban sani ba. Ba abin da zan tambaya ba ne.

Washegarin da suka fara aiki surukata ta ce za ta je ganin gida. Na ce ki gaida su. Ta goya ɗiyar, ɗan acaɓa ya ɗaura jakarta a gaba. Wannan karon ba ta shiga gidan kowa ba, ba ta nemi yafiyar kowa ba, ni ma ba ta nema a wurina ba. Auren bai mutu ba, ba a ce komai ba. Tana can dai.

Na ɗauko tabarma na zauna a inuwa ina kallon magina. Sun yi layi na farko, sun yi na biyu. Na ce wa babban nasu wancan bulon na ƙarshe ya karkace. Ya duba ya ce, “Hajiya, daidai yake.” Na ce ya karkace. Ya cire ya sake ɗora shi.